Rabin Ƙwaya

Malama ta kife farantin shayi, ta ɗora ƙwayar a bayansa, ta saita bakin reza a kan tsagar da ke tsakiyarta, ta danna da babban yatsa. Ƙwayar ta rabu biyu cif, ko gari bai zuba ba. Ta haɗiye rabi da ruwa, ta juya farantin, ta ajiye ɗaya rabin a gefen kofin maigidanta. Daga nan ta tashi ta nufi taga, ta ba teburin baya, ta shiga gyaran labulen da babu abin da ya same shi.

Injiniya ya shigo yana gyaran murya. Ta ji ya ja kujera, ta ji ƙarar cokali a kofi, ta ji kurɓa. Da ta juyo, farantin fes.

"Yau kam sukarin ya ji," in ji shi.

"Kullum haka nake sawa."

Iyakar abin da suke cewa ke nan a kan lamarin, shekara da shekaru. Abin ya samo asali ne tun yana shugaban makanikai a ma'aikatar ruwa, inda aka laƙaba masa Injiniya ba don wata takarda ba. Wata rana ya dawo gida dafe da ƙeya, idanu jajur. Ita kuwa a lokacin likita bai daɗe da ɗora ta a kan maganin hawan jini ba, don haka ta gane ciwon kan, irin nata ne sak. Ta kuma san mijinta. Mutum ne mai tinƙahon cewa tun da aka haife shi bai taɓa yankar katin asibiti ba, kuma wanda duk ya ce masa ya je a duba shi, to ya nemi faɗa. Sai ta raba ƙwayarta ta ajiye masa rabi, ta kau da kai. Ya sha, kan ya sauka. Bai tambaya ba, ba ta yi bayani ba. Tun daga ranar, a wurin Injiniya shi lafiyarsa ƙalau, abin da ke faruwa tsakaninsa da farantin shayi kuwa ba a yi shi a gaban kowa ba, saboda haka ba a yi ba.

Yanzu ga falon cike da kwalaye. Kabad ɗin kwanuka ya tafi gidan ƙanwarta, keken ɗinki ya tafi maƙwabta, bangon duk ya yi tabon inda hotuna suka zauna. Dukansu sun yi ritaya, ita daga makarantar firamare, shi daga injinan ruwa, kuma Auta, 'yarsu da ke aure a wata ƙasa mai nisa, ta yi ta fafutuka har takardunsu suka fito. Za su koma wurinta da zama. An yanki tikiti, an ba da gidan haya, masu hayar ma har sun zo sun auna tagogi. Malama tana da jikoki biyu da ba ta taɓa jin nauyinsu a cinyarta ba, sai dai ta gan su a gilashin waya suna tsalle a kan kujera. Ba ta ɓoye wa kowa ba, ɗokin tafiyar nan har abinci yake hana ta ci.

Da hantsi Auta ta kira. Bayan yaran sun gama tura hanci a wayar, ta kore su ta gyara zama.

"Mama, maganar magani. Ki koma wurin likitarki ta rubuta miki tarihin ciwonki gaba ɗaya, da sunan abin da kike sha. Nan ba a shiga kanti a ce a ba ni kaza. Sai likita ya duba mutum, ya rubuta da sunansa. Da kun iso za su sake auna ki, wataƙila ma su canza miki wani."

"To."

"Kuma na gama da inshorar lafiya. Taki na faɗa musu kina da hawan jini, dole a faɗa. Duk ciwon da mutum ya zo da shi bai faɗa ba, ranar da ya tashi ba ruwansu. Baba kam ban sha wahala ba, shi da ba ya shan komai. Na rubuta musu garau yake."

Injiniya, da ke ɗaure wani kwali a gefe, ya ɗago. "Ki ƙara musu da cewa ƙarfe ne."

Auta ta yi dariya. "Ke kuma Mama, kin huta da tunawa. Na sayi ɗan akwatin nan mai gida-gida na ranakun mako. Ni zan riƙa ba ki da hannuna kowace safiya, mu karya gaba ɗaya."

Malama ta yi murmushi don ana kallonta. Amma da aka kashe wayar ta daɗe zaune da ita a cinya. A can teburin ba na mutum biyu ba ne. Ga Auta, ga mijinta, ga yara masu ido kamar fitila, kuma ƙwayar za ta fito ne daga hannun Auta zuwa bakinta. Babu faranti, babu reza, babu tagar da za ta juya. Mutumin nan zai sauka a ƙasar da ba a sayar da magani sai da likita, da takarda mai cewa garau yake, da jinin da rabin ƙwayarta ne kaɗai ke riƙe da shi. Ta dube shi yana jan igiya da haƙori, jijiyar wuyansa ta miƙe, tsoro ya kama ta sosai.

Washegari ta tafi asibiti ita kaɗai. Likitar da ke duba ta mace ce mai fara'a, ta kai sa'ar Auta, kuma shekaru tana yaba wa Malama cewa ba ta taɓa fashin zuwa ba. Ta auna ta, ta ce jinin ya yi kyau, ta jawo takarda za ta fara rubutu.

"Likita, dakata. Kafin ki rubuta, akwai abin da ya kamata ki sani. Rabi nake sha."

"Rabin me?"

"Rabin ƙwayar. Ɗaya rabin na maigidana ne."

Likita ta ajiye biro a hankali. "Tun yaushe?"

"Tun kafin ki zo asibitin nan."

Likita ta jingina da kujera, ta rufe ido na ɗan lokaci. Malama ta san wannan fuskar, ta sha yi wa iyayen yara irinta.

"Shi ya sa," in ji likita. "Shi ya sa muka yi ta ƙara miki ƙarfin maganin muna mamakin jinin ya ƙi sauka. Mama, da na rubuta wannan kika kai can, suka ba ki cikakkiya kamar yadda na rubuta, jiri ne zai kayar da ke a banɗaki. Wannan mai sauƙi ne, yau zan gyara. Shi Baban fa, wa ya taɓa auna shi?"

"Babu."

"Ko sau ɗaya? Jini, ƙoda, zuciya?"

"Ko sau ɗaya."

"Maganin nan ba a barin mutum a kansa shekaru ba a duba ƙodarsa ba. Kuma ba mu san ko shi ne ya dace da shi ba, ba mu san ko ya ishe shi ba. Sannan ki ɗauke shi ki sa a jirgi, zaman wuni guda." Ta girgiza kai. "Kada ki yanke masa, ku ci gaba yadda kuke yi. Amma ki kawo min shi cikin makon nan."

"Ba ki san shi ba."

"Ke kin san shi. Ki kawo shi."

A hanyar gida Malama ta yanke shawara, kuma ita in ta yanke, ta yanke. Mace ce da ta yi shekaru tana sa 'yan aji ɗaya su zauna shiru ba tare da ta taɓa ɗaga bulala ba. Ta ce a ranta tsoho ɗaya ba zai gagare ta ba. A nan ta ɗan yi kuskuren lissafi, don 'yan aji ɗaya ba su yi shekara arba'in suna nazarinta ba.

Ta same shi a ɗan ɗakin kayan aikinsa na bayan gida. Ya shimfiɗa tsumma a kan benci, ya jera sifanu daga babba zuwa ƙarami, yana goge kowace da mai kafin ya naɗe. Wani tsohon yaronsa na wurin aiki zai ba wa. Ɗakin na warin baƙin mai da tsatsa, warin da ta yi rabin rayuwarta tana wankewa daga rigunansa.

"Baban Auta."

Ya ɗago. In ta ce Injiniya, wasa ne. In ta ce Baban Auta, akwai magana.

"Daga asibiti nake. Likita tana son ganinka."

"Ni? Ta san ni ne?"

"Yau ta san ka. Na gaya mata rabin ƙwayata kake sha."

Hannunsa ya tsaya a kan sifanar. Abin da aka yi shekaru ana zagayewa, yau an kira shi da sunansa da rana tsaka. Ya ci gaba da gogewa, a hankali, kamar bai ji ba.

"Ban san zancen da kike yi ba."

"Ka sani."

"Abin da na tarar a gefen shayina nake sha. Da gishiri kika ajiye, da shi zan sha. Wannan ya zama ciwo?"

"Ka zo a auna ka. In ba komai, shi ke nan, na ba ka haƙuri a gaban kowa."

Ya ajiye sifanar, ya juyo gaba ɗaya, ya ɗauki muryar da yake koyar da sababbin makanikai da ita. "Malama, bari in gaya miki abin da aiki ya koya min. Injin da ke tafiya ba a buɗe shi. Na rantse miki, ki kawo min sabon inji fil daga kwali, in na kwance shi sai na samo masa laifi. Kuma in an kwance an ɗaure, ba ya komawa yadda yake. Likitocin nan abokan sana'ata ne, na san halinmu."

"Injinan da ka bari ba ka buɗe ba, babu wanda ya taɓa tsayawa?"

"Wannan daban."

"A can in ka tsaya, ba mai tayar da kai. Ka ji abin da Auta ta ce. An rubuta garau kake."

"To garau nake." Ya koma kan sifanunsa. "Ki bari mu isa tukun. In mun isa, a yi duk abin da za a yi."

Ta tsaya tana kallon bayansa. Ta san in sun isa ma haka zai ce, a bari a huta, a bari sanyi ya wuce, a bari yara su yi hutu. Ta juya ta fita.

Da safe ta raba ƙwayar kamar kullum. Amma ba ta sha nata rabin ba, ba ta kuma tashi zuwa taga ba. Ta zauna a kujerarta, ta tura farantin tsakiyar tebur da rabi biyun a kai, ta harɗe hannu.

Injiniya ya shigo, ya ja kujera, ya ga faranti, ya ga Malama. Ya dubi taga, ya sake dubanta.

"Labulen nan kamar ya karkace."

"Daidai yake. Ga maganinka, ka sha."

"Ba ni da magani."

"To ni ma ba ni da shi."

Ya sha shayinsa har ƙasan kofi yana kallon bango. Ya tashi ya fita. Rabi biyun suka wuni a kan tebur, ta rufe su da kofi saboda ƙuda.

Kowa ya ji wannan labari zai ce tsofaffin nan ba su da hankali, kuma ba zai yi ƙarya ba. Likita ta ce kada a yanke, ga shi an yanke wa mutum biyu a tashi ɗaya. Malama ta san haka sarai. Ta dai lissafa cewa mutumin da zai iya wasa da ransa ba zai iya zura ido ana wasa da nata ba, kuma a kan wannan ta jingina duk ƙarfinta. Washegari ma haka aka yi. Ya zauna, ta zauna, farantin na tsakaninsu, cokali kaɗai ke magana.

"Taurin kai ba ya miki kyau," ya ce.

"A gidan nan na koya."

Kafin azahar ta fara jin abin a ƙeyarta, wani nauyi mai bugawa. Ba ta kwanta ba. Ta ci gaba da naɗe kofuna a tsofaffin jaridu tana jerawa a kwali, tana manne bakin da salatif. Shi kuma ya kasa zama a ɗakin kayan aikinsa. Ya shigo neman almakashi, ya fita. Ya shigo neman igiya, alhali tana rataye a wuyansa. Ta lura duk shigowar da zai yi sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, kansa a karkace, kamar yadda yake yi in ya shiga ɗakin injina. Sauraronta yake yi.

Da la'asar ta sunkuya za ta ɗaga kwali, falon ya juya mata. Ta dafa bango, kofi ɗaya ya suɓuce ya tarwatse. Kafin ta ɗago yana kanta, ya riƙe ta ya zaunar a kan kujera. Ya je ya ɗauko farantin da ruwa.

"Sha."

"Kai fa?"

"Malama, ki sha, don Allah."

"Kai fa?"

Ya dube ta, ta dube shi. Sai ya ɗauki rabi ɗaya, ya jefa a baki a gaban idonta, ya kora da ruwa, ya miƙa mata kofin. Ta sha nata. Ya jawo wani kwali ya zauna a kai kusa da ƙafarta, yana kallon fasasshen kofin.

"Wannan rabin magana ce," ta ce, da numfashinta ya daidaita. "Saura asibiti."

Da ya buɗe baki, muryar koyarwa ta tafi.

"Akwai wani guntun tiyo a ɗakina. Da shi nake sauraren famfo in yana ƙara a inda kunne ba ya kaiwa." Ya shafa ƙirjinsa ta hagu. "Kwanakin baya na ɗora bakinsa a nan, na sa ɗayan a kunne."

"Me ka ji?" in ji Malama.

"Bugun yana tsallake. Ya yi tafiya daidai, daidai, sai ya tsallake ɗaya, sai ya yi sauri ya cike. Na san wannan ƙarar. Ba ƙarar da ake ƙara mai ta wuce ba ce."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin takardun su fito."

"Kuma ka yi shiru ba ka faɗa ba?"

"In suka buɗe, za su gani. In suka gani, za su ce ba tafiya. Yarinyar nan ta yi shekaru tana wahalar takardun nan. Ke kuma," ya ɗan yi murmushi ba tare da ya dube ta ba, "ina jin ki kina yi wa waya wasa bayan an kashe ta. Na ce in lallaɓa injin ya kai mu. In kin ɗauki yaran nan a hannunki, ko me ya faru bayan nan, aiki ya yi kyau."

Haushi da tausayi suka taso mata tare, ta rasa wanda za ta fara da shi. Ashe duk jawabin inji da makanikai bango ne, wannan ce maganar da ke bayansa. Ta so ta rufe shi da faɗa, ta so ta riƙe kansa. A ƙarshe ta ce, a hankali, don ya ji kowace kalma:

"Kai ka yanke min wannan, ba ka tambaye ni ba. To bari in gaya maka. Ina son yaran nan, Allah ya sani. Amma ban yi shekara arba'in da kai don ka kai ni ƙofar Auta ka sauke kamar kaya ba. Gobe da safe za mu je."

"In suka ce ba tafiya fa?"

"Sai mu ji da kunnenmu."

Ya sunkuya ya fara tsince gutsattsarin kofin ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a tafin hannu. Bai ce to ba, bai kuma ce a'a ba. Ita kuwa ta san shirunsa kala-kala, ta gane wannan.

Washegari ya sa rigarsa mai kyau, wadda ya ware don ranar tafiya. A tagar yankar kati ma'aikaciyar ta tambaye shi lambar tsohon katinsa.

"Ba ni da shi."

"Ya ɓace ne, Baba?"

"Ban taɓa yi ba."

Ta ɗago ta dubi furfurarsa, ta dubi Malama. Malama ta gyaɗa mata kai. Aka rubuta, aka miƙo masa ɗan kati mai ruwan ɗorawa. Ya juya shi gaba da baya, ya sa a aljihun ƙirji, ya danne da tafin hannu.

Suka zauna a dogon benci cikin masu jira. Wata mata na jijjiga jariri, wani dattijo na barci da sanda tsakanin gwiwoyi. Injiniya ya ɗaga kai yana kallon fankar sama.

"Boris ɗin da take juyawa a kai ya tafi," ya raɗa mata. "Ba za ta kai ƙarshen shekara ba."

"Ka gaya musu in ka shiga."

"Ba za su ji ba. Sai ta tsaya."

Ta dube shi ta gefen ido. Ya gane abin da ya faɗa, ya ɗaure fuska, ya mai da hankali kan takalmansa.

Da aka kira shi ta miƙe tare da shi, amma ya ɗaga mata hannu. "Ki zauna. In za a kwance ni, ba a gabanki ba." Ta koma ta zauna. Ta ga ya gyara wuyan riga, ya ƙwanƙwasa ƙofar da aka riga aka buɗe masa, ya shiga da sallama.

Jiran ya yi tsawo. Ta ga nas ta shiga da wata na'ura mai wayoyi a kan keke, ta fito, ta koma da ƙananan kwalabe. Mai jaririn ta shiga wani ɗaki ta fito ta tafi. Dattijon ya farka, aka kira shi, ya tafi. Malama ta yi addu'a har ta rasa abin da za ta ƙara, ta koma farko. Ita ta kawo shi, kuma ko yanzu aka mayar da ita jiya, haka za ta sake yi. Sanin haka bai rage mata tsoron ba ko kaɗan.

Ƙofar ta buɗe. Injiniya ya fito yana ɓalla maɓallin hannun riga, auduga manne a gwiwar hannunsa.

"Tashi mu tafi," ya ce. "Likitar yarinya ce mai hankali. 'Yan gyare-gyare ne."

Amma a bayansa nas ce ke turo keken marasa lafiya, likita na biye da ita.

"Baba, na ce ka jira a zaune," in ji likita. Ta juyo wurin Malama, ta rage murya. "Mama, bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, kuma jinin ya hau fiye da yadda zan bar shi ya koma gida. Irin wannan bugun yana iya tara gudan jini, ya haura kai. Za mu kwantar da shi mu daidaita shi, mu ga sakamakon ƙodar. Abu ne da ake rayuwa da shi shekaru in an kama shi. Kin kawo shi a kan lokaci."

"Tafiyar fa?"

"Ba yanzu ba. Ba zan sa miki rana ba, kada in yi miki ƙarya. In ya daidaita, zai tafi da maganinsa da tarihinsa, a gyara masa inshorar a kan gaskiya. Amma wannan jirgin kam ba da shi ba."

Malama ta ji maganar ta sauka mata har tafin ƙafa. Gidan da aka ba haya, kabad ɗin da ya tafi, 'yan rigunan yara da ta saya ta ɓoye a ƙasan akwati, duk suka gifta mata. Injiniya na kallonta. Bai ce ai na gaya miki ba, kuma da ya faɗa da ya fi mata sauƙi.

"Baba, zauna mana," in ji nas.

"Ƙafata lafiya lau. Ku nuna min ɗakin."

Malama ta matsa ta karɓi hannayen keken daga wurin nas ɗin. Ta juyo da shi ta saita bayan gwiwoyinsa.

"Baban Auta, zauna."

Ya dubi keken sama da ƙasa, ya taɓa tayar da ƙafa, ya buɗe baki zai faɗi laifinta. Sai ya fasa. Ya zauna a hankali, ya ɗora hannuwa a kan cinya.

Sun kama doguwar barandar da ke zuwa ɗakin kwanciya ke nan wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta tsaya, ta ciro, ta maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, ta ci gaba da turawa.

"Mama, ina ta kira. Kun gama ɗaure kayan? Yaran nan sun hana ni sakat, wai sai sun zo tarbarku."

Malama ta gaya mata inda suke, da abin da likita ta ce, da abin da ya kamata a gyara a inshorar. Ba ta yi kwana-kwana ba, ba ta kuma bar wurin kuka ba. Daga can ɓangaren tana jin hayaniyar yara.

"To Mama," in ji Auta, "ko ke ki fara zuwa? Tikitinki na nan. In ya so in samo wanda zai kula da Baba, in ya warware ya biyo ki."

Injiniya ya ji, don wayar na kusa da kansa. Ya ɗan juyo, ya gyaɗa mata kai, alamar ta amsa.

"Ki ɗage tikitin," in ji Malama.

"Na Baba?"

"Duka biyun."

Nas ta riƙe musu ƙofar ɗakin. Malama ta sa wayar a jaka, ta gyara riƙo, ta tura shi ciki.